DARASIN TURANCI DOMIN JAMA'AR ALLAH: HARAFIN K

Darasinmu na wannan fitowa ya kawo mu ga harafin K, wanda shi ne na 11 a jerin baƙaƙen Turanci. Wataƙila wani zai tambaya, me ya kai mujallar dayosis ga koyar da Turanci alhali ga makarantu nan birjik? Amsar tana cikin majami'unmu kowace Lahadi. Tun da Majalisar Vatikan ta Biyu ta buɗe ƙofa a 1963 domin a yi wa Allah sujada da harsunan jama'a, wurare da yawa sun zama masu Misa biyu, ɗaya da Hausa, ɗaya da Turanci. Iyaye suna zuwa ta farko, 'ya'yansu suna zuwa ta biyu. Idan kuma baƙon firist ya zo wanda bai ji Hausa ba, sai katekis ko wani malamin makaranta ya tsaya kusa da shi yana fassara. A nan ne kalma ɗaya tak za ta iya gyara wa'azi ko ta ɓata shi.

Bari mu fara da wadda ta fi ba tafintoci wahala, wato “keep”. Shekarun baya, a wani ƙauye da ba sai mun faɗi sunansa ba, mun raka wani baƙon firist wanda ya yi wa'azi a kan Dokoki Goma. Sau da yawa ya ambaci wannan kalma, kuma duk lokacin da ya ambace ta, sai tafinta ya ɗaga murya ya ce wa jama'a su ajiye dokokin Allah. Ta fuskar ƙamus bai yi ƙarya ba, gama mai “keep” ɗin kuɗi ajiye su yake yi. Amma Bahaushe in ya ce wane ya ajiye aiki, ya bar aikin ke nan. In ya ce a ajiye wata magana, nufinsa a rabu da ita. Bayan Misa wata tsohuwa ta tare mu a bakin ƙofa tana murmushi, ta ce, “Fada, yau kam an sauƙaƙa mana addini.” Mun yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba, domin ba kowa ne a cikin taron yake da wayon wannan tsohuwa ba.

Kalmar guda ce a Turanci, amma Hausa ta rarraba aikinta ga kalmomi da dama, kuma abin da ya biyo bayanta shi ke nuna wadda za a ɗauka. In doka ce ko umarni, a ce kiyaye. In alkawari ne, a ce cika. In awaki ne ko kaji, kiwo ake nufi. In asiri ne, a ce riƙe ko rufe. In aka haɗa ta da “quiet”, shiru ake nema, in aka haɗa ta da “watch”, zama a faɗake ne, irin wanda Ubangiji ya roƙi almajirai uku a Gatsemani suka kāsa. In kuma wata aikatau ta biyo ta da ƙarin “ing” a ƙarshe, ma'anar ita ce ci gaba da yin abin ba fasawa. Wanda ya riga ya yi kuwa, “kept” ake cewa. Daga gare ta aka samo “keeper”, wadda samarinmu suka sani a filin ƙwallo da ma'anar mai tsaron gida. Ita ce kuma kalmar da fassarorin Turanci da yawa suka sa a bakin Kayinu a Farawa 4:9, sa'ad da Allah ya tambaye shi Habila, shi kuwa ya mai da tambaya yana musun cewa tsaron ɗan'uwansa yana wuyansa.

Kafin mu yi nisa, akwai abu biyu game da harafin kansa. Na fari, kalmomi da yawa da muke rubutawa da K a Hausa, da C Turawa suke rubuta su: Katolika, Kirista, katekis, kwaya, Kirsimeti. Yaran da ke cika takardun neman makaranta su lura da wannan. Dalilinsa tsoho ne. Latin bai cika amfani da K ba, tsohon Turanci ma da C yake rubuta wannan sauti, sai bayan da Normandawa suka ci Ingila da yaƙi a 1066 marubuta suka yawaita sa K a gaban E da I da N domin kada a rikice. Na biyu, duk kalmar da ta fara da KN, ba a furta K ɗinta. A dā ana furtawa, har wajen ƙarni na 17 da Turawan Ingila suka daina, amma suka bar harafin a rubuce. Jamusawa har yau suna furta nasu. Saboda haka “knee” nii ce, “knife” naif ce, “knock” nok ce. Wannan ya sa wasu kalmomi suka zama tagwaye a kunne: “know” da “no”, “knew” da “new”, “knot” da “not”, “knight” da “night”. Masu karatu a bagade, muna roƙonku ku duba karatunku tun ranar Asabar. Ba abin kunya ba ne mutum ya tambayi wanda ya fi shi sani. Abin da ba shi da daɗi shi ne ya tsaya gaban jama'a yana kokawa da Maganar Allah kamar yau ya fara ganinta.

“Knee” gwiwa ce, “kneel” kuwa durƙusawa. Wannan kalma ba baƙuwa ba ce gare mu, gama mun tashi muna ganin yaro yana durƙusa wa babba, amarya tana durƙusa wa surukai. Sai dai a Turancin majami'a an bambanta ta da “genuflect”. Ta farko ita ce a sa gwiwa biyu a ƙasa a dakata, kamar yadda muke yi lokacin keɓe gurasa da ruwan inabi. Ta biyu ita ce a taɓa ƙasa da gwiwar dama a miƙe, kamar yadda muke yi in mun shigo gaban akwatin Sakramenti Mai Tsarki. Manzo Bulus a Filibiyawa 2:10 ya koyar cewa sunan Yesu ya cancanci wannan girmamawa daga dukan halitta. Wani abin da zai ba wasu mamaki: Majalisar Nikiya ta shekarar 325, a dokarta ta 20, ta umarci masu bi su yi addu'a a tsaye ranar Lahadi da dukan kwanakin Ista har Fentikos, domin tsayuwa alamar tashin Almasihu ce. Al'adar Ikilisiya ta Yamma ta sāke daga baya. Mun kawo wannan ne saboda masu harara, waɗanda ke bin tsoho mai ciwon gwiwa da ido don ya zauna lokacin da wasu suka durƙusa. Ikilisiya ba ta ɗora wa marar lafiya abin da ba zai iya ba.

“Know” ita ce sani, “knew” ya sani a dā, “known” sananne, “knowledge” kuwa ilimi ko sani. A nan Hausa ta fi Turancin yau kusa da Littafi Mai Tsarki. Farawa 4:1 ta yi amfani da kalmar sani domin zaman aure tsakanin Adamu da Hawwa'u, haka kuma Budurwa Maryamu ta yi amfani da ita a Luka 1:34 sa'ad da take tambayar mala'ika yadda za ta haihu. Bature na yau sai an yi masa bayani, amma mu da muke cewa yarinya ba ta san namiji ba, nan take muke ganewa. Wato a bakin Nassi sani ya wuce tara labari a ka. Kusanta ce da amana. Da wannan ma'ana Makiyayi Mai Kyau ya san tumakinsa a Yahaya 10:14, da ita kuma Yahaya 17:3 ta bayyana rai madawwami. Shi ya sa musun Bitrus yake da nauyi haka: da ya rantse a farfajiyar babban firist cewa bai san mutumin ba, zumunci ya yanke, ba suna ya manta ba. Malaman katekisim su yi tunani a kan wannan. Muna da yara masu iya zuba amsoshin tambayoyi kamar ruwa, har a ba su kyauta, amma in ka tambaye su yaushe suka yi addu'a su kaɗai, sai su sunkuyar da kai.

“Knock” ba ta da wuya, ƙwanƙwasawa ce, ko bugu. Makanikai ma sun are ta, suna cewa inji ya yi nokin. Tana Matiyu 7:7 inda mu ne masu ƙwanƙwasawa, tana kuma Wahayi 3:20 inda Ubangiji ne yake tsaye a ƙofa. Mai fassara wa mutanen ƙauye, inda zana ce ƙofar gida, zai kyauta in ya ƙara da cewa sallama ake nufi.

Sai “knight”, wadda muke ji a sunan 'yan'uwanmu masu takobi da hula mai gashi da ke raka Bishop a manyan bukukuwa. Yau ana fassara ta da jarumi ko barde, amma a tsohon Turanci ma'anarta yaro ko bara, kuma 'yar'uwarta ta Jamusanci har yanzu bara take nufi. Ƙungiyar da aka fi sani a ƙasarmu, ta Waliyi Mulumba, an kafa ta a Onitsha a 1953. Wanda aka sa mata sunansa, Matiyas Mulumba, babban mutum ne a ƙasar Buganda, shi ne kuma mafi shekaru cikin shahidan Uganda 22 waɗanda Paparoma Bulus na Shida ya ɗaukaka zuwa matsayin waliyyai a 1964. A zamanin Sarki Mwanga, cikin 1886, aka yanke masa gaɓoɓi aka yar da shi, ya yi kwanaki yana shan azaba kafin ya cika. Duk wanda ya rataya takobi da sunan wannan mutum, ya kamata ya san tarihin nan, ya kuma san asalin kalmar da ake kiransa da ita. Mun ga waɗanda suka riƙe wannan sosai, suna biyan kuɗin makarantar marayu ba tare da kowa ya ji ba. Mun kuma ga waɗanda kujerar gaba ce kawai ta dame su.

Yanzu ga wasu kalmomi uku da masana harshe suka nuna tushensu ɗaya ne: “kin”, “kind” da “king”. Ta farko dangi ce; ita ce a cikin “next of kin” da ake tambaya a asibiti da banki, wato ɗan'uwa mafi kusa da za a nema in wani abu ya faru. Ta biyu fuska biyu gare ta. In suna ce, iri take nufi, kamar irin hatsi ko irin mutane. Daga nan aka sami “mankind”, 'yan Adam. In siffa ce, mai kirki take nufi, “kindness” kuwa kirki ko alheri. Yadda iri ya zama kirki ba shi da wuyar ganewa: mai kirki shi ne wanda ya ɗauke ka kamar irinsa, ya yi maka abin da zai yi wa danginsa. Misalin Basamariye a Luka 10 a kan wannan gaɓa ya tsaya, gama wanda ya yi alherin ba dangi ba ne, ba ma abokin shiri ba ne. A ƙasa irin tamu, inda ake tambayar ƙabilar mutum kafin a tambayi sunansa, har wani lokaci a cikin kwamitin majami'a, wannan darasi bai tsufa ba.

Ta uku ita ce sarki, “kingdom” kuwa mulki ko masarauta. A nan ma tafinta ya yi hattara. Kalmar Helenanci da ke bayan Mulkin Allah a Linjila ta fi nuna sarautar Allah a kan mutane fiye da wata ƙasa mai iyaka, don haka mulki ya fi masarauta dacewa. Matiyu ya fi son cewa Mulkin Sama, bisa ga ladabin Yahudawa na kauce wa yawan ambaton sunan Allah. Abu ɗaya ne da wanda Markus da Luka suke kira Mulkin Allah. Amma kalmar mulki a kunnen mutanenmu ta sha ƙurar siyasa, shi ya sa dole mai wa'azi ya tuna wa jama'a amsar da Yesu ya ba Bilatus a Yahaya 18:36, inda ya raba sarautarsa da irin ta duniya. Paparoma Piyus na Goma Sha Ɗaya ne ya kafa Idin Almasihu Sarki a 1925, lokacin da masu mulkin kama-karya suke tasowa a Turai suna neman a ba su biyayyar da ta Allah ce kaɗai. A 1969 aka mai da idin zuwa Lahadi ta ƙarshe a shekarar Ikilisiya. Af, tun da muna maganar sarakuna: waɗanda yara ke kwaikwayo da rawani a wasan Kirsimeti, Matiyu bai kira su sarakuna ba, bai kuma ce su uku ne ba. Masana taurari ya ce, kyautai ne ya lissafta uku. Sauran al'ada ce ta ƙara, ba kuwa laifi a cikinta in an san haka.

“Key” ita ce kalmar da ta fi shafarmu mu Katolika. Hausa tana da suna biyu domin wannan ɗan ƙarfe, mabuɗi da makulli, ɗaya yana duban buɗewa, ɗaya yana duban kullewa, kuma duka biyun suna cikin Matiyu 16:19, inda Ubangiji ya danƙa wa Bitrus mabuɗan Mulki tare da ikon ɗaurewa da kwancewa. Wanda ya san Ishaya 22:22 zai gane hoton: a can an ɗora wa Eliyakim mabuɗin gidan Dawuda a kafaɗa, ya zama wakilin sarki a fāda, mai iko amma ba sarki ba. Shi ya sa alamar Paparoma take da mabuɗai biyu a gicciye, na zinariya da na azurfa. Wannan iko yana isowa har ɗan ɗakin da muke zuwa furta zunubi, bisa ga Yahaya 20:23. Akwai kuma gargaɗi a Luka 11:52 ga malaman da suka ɗauke mabuɗin sani, su ba su shiga ba, ba su kuma bar wasu sun shiga ba; mu firistoci da katekis ne ya kamata mu fi jin tsoron wannan aya. A maganar yau da kullum kalmar tana nufin muhimmi in ta zo gaban wani suna, 'yan kwaya kuma suna kiran ma'aunin muryar waƙa da ita.

Wasu kalmomin K sun riga sun zama 'yan gida: kananzir, kicin, kilo, kaki. Ta ƙarshen ma Turawa a Indiya suka samo ta, asalinta daga kalmar Farisa mai nufin ƙura. “Kiss” sumba ce, irin wadda firist yake yi wa bagade da littafin Linjila, mu duka kuma muke yi wa gicciye ranar Jumma'a Mai Kyau. Da ita Yahuza ya ba da Ubangijinsa. “Kyrie” da muke rerawa a farkon Misa kuwa ba Turanci ba ce sam, ba Latin ba ce kuma. Helenanci ce, kira ne ga Ubangiji.

Mun bar masu nauyi a ƙarshe. “Kill” kisa ce kowace iri, ta mutum ko ta dabba, da gangan ko bisa kuskure. “Murder” kuwa kisan kai ne da gangan ba bisa haƙƙi ba. Fassarar Sarki James ta 1611 ta sa ta farko a Fitowa 20:13, fassarori da yawa na baya suka sa ta biyu, domin ta fi kusa da kalmar Ibrananci. Ikilisiya ta yarda mutum ya kāre ransa da na waɗanda ke hannunsa in an kawo musu hari, amma ba ta taɓa yarda da ramuwar gayya ba, ko a bi ƙauye a ƙone don laifin mutum ɗaya. A 2018 Paparoma Francis ya gyara sakin layi na 2267 na Katekisim, ya bayyana cewa hukuncin kisa ba abin karɓa ba ne. Ubangiji kuma a Matiyu 5:21-22 ya bi dokar har cikin zuciya, ya haɗa ta da fushi da zagi. Bahaushe ya san kisan mummuƙe, wanda ba a ganin jini.

“Kid” asalinta ɗan akuya. Ita ce abin da babban wa ya yi gunaguni ba a taɓa ba shi ba a Luka 15:29. Daga baya ta zama sunan yaro a maganar wasa, musamman a Amurka, amma ba a sa ta a wasiƙar girmamawa. Daga gare ta aka ƙera “kidnap” a Ingila a ƙarni na 17, lokacin da ake satar yara ana kai su aikin gona a ƙasashen da Ingila ta mallaka a Amurka. Kakanninmu ba su buƙaci wannan kalma ba, yau kuwa tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta san ta. A watan Janairu na 2020 'yan bindiga suka shiga babbar makarantar horar da firistoci ta Makiyayi Mai Kyau a Kaduna suka tafi da ɗalibai 4. Uku suka dawo, Michael Nnadi mai shekara 18 aka kashe shi. Ba mu kaɗai abin ya shafa ba, maƙwabtanmu Musulmi ma sun sayar da gonaki da shanu domin fansar nasu. In za a fassara ta a addu'ar masu bi, a ce garkuwa da mutane ko satar mutane, kuma in iyali sun yarda, a ambaci sunan wanda ke hannu a fili, domin jama'a su san wanda suke roƙo dominsa.

A fitowa mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu shiga harafin L, inda “Lord”, “Lamb” da “Lent” suke jiranmu. Katekis da shugabannin Zumuntar Mata waɗanda suka ci karo da wata kalma mai wuya a wa'azi ko a takardun dayosis, su rubuta ta su ba Fada na majami'arsu ya aiko mana kafin ƙarshen wata.